Ƙofar da Yaya Ya Buge Daga Waje

Na Allah ne mu duka, wurinSa kuma Yayana ya koma ranar Talata da hantsi, lokacin da ganyen bishiyoyin Bronx, a nan Amurka, ya gama zubewa. Yau sati uku ke nan. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na kuma ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara mini magana. Ban taɓa zama a aji ba, amma ban taɓa ba da labari wani ya yi gyangyaɗi ba.

A gidansa na unguwar Parkchester aka yi zaman makoki, ɗaki biyu da falo. Ban san muna da yawa haka a garin nan ba sai ranar. Ma'aikatan ofishin jakadanci suka zo da kwat da hula, direbobin nan 'yan Damagaram suka zo, matan Zangon Kumasi suka zo da manyan tukwane, ɗalibai suka zo su yi addu'a su ci shinkafa. Takalma suka taru a bakin ƙofa har sufa, mai kula da ginin, ya hawo yana mita. Da aka gaya masa wanda ya rasu, sai ya cire hularsa ya sauka.

Akwai kuma waɗanda ba namu ba. Wata mata 'yar ƙasar Fotoriko ta shigo tana rusa kuka, irin kukan da mu ba ma yi, ta rungume matar Yaya har mayafinta ya zame. Baturen da Yaya ya yi wa aiki shekara goma sha ɗaya ya tsaya a tsakiyar falo da takalminsa a kan tabarma, ƙato da shi, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya yi wata magana, 'yata ta fassara mana, wai tun da yake bai taɓa ganin wanda ƙusa ke jin maganarsa kamar tsohon nan ba. Ya faɗa ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Ni ina gefe da carbina. Duk wanda ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ya haƙuri?" sai in ce, "Da godiya." Amma kunnena ƙalau yake, ina jin matan da ke bakin kicin. Ɗaya ta ce, "Wai ta yafe masa kuwa?" Ɗaya ta ce, "Wa ya sani? Shekara uku fa ko ci kanka ba ta ce masa ba." Ta ukun ta ce, "Ku rage murya, tana ji." Ina ji mana. Kuma gaskiya suka faɗa. Shekara uku ban yi wa ɗan'uwana magana ba, uwa ɗaya uba ɗaya, mu biyu kaɗai muka rage. Za ku ji ko na yafe. Amma ba a bakin kicin zan ba da amsa ba, sai kun san ko wane ne shi tukuna, don na lura yaran da aka haifa a nan abin da suka sani kawai shi ne wani tsoho mai warin hayaƙi da ke ba su alewa.

Ubanmu kafinta ne a Kano, ƙofofi yake yi da akwatunan lefe, a gabansa Yaya ya tashi. Daga baya ya koyi tuƙi, tuƙin ne ya kawo shi ƙasar nan 'yan shekaru bayan an samu 'yancin kai, yana jan motar wani babban ma'aikaci. Shi ya yi wa maigidana hanya ya zo ya zama kukun gidan, ni kuma na biyo da 'yarmu, ina rainon 'ya'yan mutane. Da al'amura suka rikice a gida aka kira babban ma'aikacin ya koma, mu muka tsaya. Muka ce shekara biyu. Kowa a garin nan shekara biyu ya ce.

Ga Yaya ba mota ba aiki, ga shi ya haura hamsin. Wata Juma'a aka jefi tagar ɗakin da mazanmu ke haya suna salla, ta fashe. Ya tsinto guntun katako a bola, ya ari guduma, ya toshe ta kafin a tayar da iƙama. Baturen nan yana wucewa a motarsa, shi kuwa sana'arsa ke nan, toshe tagogi da ƙofofin da suka lalace. Ya tsaya yana kallo. Ranar Litinin Yaya ya fara aiki.

Da farko aikin ba yawa, iska ta fasa gilashi, ɓarawo ya ɓalle ƙofa, shi ke nan. Sai gobara ta zo. Wanda bai zauna a Bronx a shekarun nan ba ba zai gane ba. Ba gobara ɗaya ba ce da za a ce ranar kaza, kullum ce. Jiniya ta zama mana kamar carar zakara, har muka daina leƙawa. Masu gine-gine suka gudu suka bar su, wasu ma aka ce su ke sa a cinna, Allah masani. Ka shanya zane ka kwaso shi da ƙauri. 'Yan kwana-kwana in sun zo, fasa tagogi suke yi don hayaƙi ya fita, su sare ƙofa da gatari, su kashe wutar, su naɗe tiyonsu su tafi. Su bar mutane tsaye a titi da bargo, gida a buɗe, ga sanyi ga ɓarayi. A nan ne za ka ga akori-kurar Yaya ta shawo kwana da falankai da tsani a baya. Yakan ce, "Su aikinsu buɗewa, ni nawa rufewa. Amma su ake tafa wa."

Ba ya amfani da tef ɗin awo. Baturen ya saya masa har guda uku, duk ya kyautar. Da hannu yake aunawa yadda Baba yake yi. Ya ɗora tafinsa a jikin taga, ya ce, "Taƙi biyar da yatsa uku," ya sauko ya ja zarto, katakon ya shiga kamar a nan ya tsiro. A baki yake riƙe ƙusoshi, shi ya sa ya saba magana ta gefen baki ko da ba ƙusar. Fensir a bayan kunne har cikin sahu, in ya yi sujada ya faɗo, liman ya yi magana ya gaji ya ƙyale shi. Ranar Lahadi za ka same shi zaune a ƙasa da gwangwani yana miƙar da lanƙwasassun ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta ce, "Malam, a Amurka fa muke." Ya ce, "Ita ƙusar ba ta sani ba."

Abin da ya fi riƙewa da ƙarfi kuwa shi ne wannan. Yakan ce toshiya iri biyu ce. In akwai mai rai a gidan, ko da mage ce, daga ciki ake buga katako, a gicciya masa sanda, yadda mai gida zai cire abinsa da kansa ranar da ya samu gilashi, ko ranar da wuta ta biyo shi. In kuwa kango ne, an tashi an bar shi, daga waje ake bugawa, a nutsar da ƙusa har kanta ya ɓace, a juya baya. Bugun ciki ya fi cin lokaci, sai an hau bene da katako a ka. Baturen ya yi faɗa ya yi faɗa, wai ana jiransu a wuri goma. Yaya ya ce masa da Turancinsa na direba, shi ba ya rufe mutum kamar kaza a akurki. In kuna tafiya a titi ya ɗaga kai ya dubi gini, zai gaya maka ɗakin da ke da mutane da wanda babu, daga kan ƙusa kawai.

Sau ɗaya ya yi kuskure. Aka ce masa wani gida ba kowa, ya yarda, ya buge ƙofar daga waje. Ya sauko har ya tayar da mota, sai ya ga labule ya motsa a sama. Ashe akwai wani tsoho kurma a ɗakin ƙurya, bai ji gobarar ba, bai ji gudumar ba. Yaya ya koma a guje ya ɓalle katakon da hannunsa har farcensa ya fita. Tsohon ya fito yana tambaya ko an kawo masa wasiƙa. Ranar Yaya bai ci abinci ba. Daga nan ko wa ya ce masa ba kowa, sai ya shiga ɗaki ɗaki ya duba, har ƙarƙashin gado.

Matar nan da ta zo tana kuka, ɗan kanti gare ta a kan kwana, burodi da madara da sabulu. Wata rana da rana tsaka aka fasa mata gilashin gaba aka kwashe abin da aka kwashe, mijinta yana kwance a asibiti, ga 'ya'ya huɗu. Aka aiko Yaya ya toshe, ya toshe. Ya tattara kayansa zai tafi, ya waiwaya ya gan ta zaune a kan akwatin lemo ta zuba tagumi, don kantin da aka rufe wa fuska da katako ba mai zuwa, kowa zai ɗauka an tashi. Ya ajiye kayan. Ya yanka 'yar taga a tsakiyar katakon, ya ciro ƙarafan murfin wani tsohon kabad da aka yar, ya yi mata murfi da sakata daga ciki, da 'yar kanta ta miƙa kaya. Ta nan ta yi ciniki wata takwas. Ba ta jin Hausa, ba ya jin yarensu, Turancinsu su biyun in an haɗa ba zai cika cokali ba. Tun daga ranar, duk sanda ya biyo ta layin sai ta miƙo masa kofi baƙi ƙirin mai ɗaci. Yaya ba ya shan kofi, bugun zuciya yake sa masa. Shekara shida yana sha. Na ce, "Ka gaya mata mana." Ya ce, "Da wane baki, Auta?" Haka yake kirana, Auta, har da furfurata.

Kada ku ɗauka kullum cikin raha yake. Yakan biyo ta wurina bayan aiki, in zuba masa ruwan ɗumi da gishiri a kwano ya tsoma hannuwansa har ruwan ya huce. Wata rana ya ce, "Gini ɗaya yau sau uku ke nan ina toshe shi. In buga, a ɓalle, a cinna, in dawo in buga." Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Baba ƙofar shiga ya yi wa mutane. Ni ban san ko ƙofa ɗaya da na yi aka shiga ta cikinta ba." Na ce ya sha shayinsa kafin ya yi sanyi. Me zan ce masa?

To, ga nawa.

Gidanmu yana hawa na huɗu a wani tsohon gini gabas da babban titin Concourse. A nan maigidana ya yi jinya, a nan ya cika, jingine da bangon ɗakin kwana, har man kansa ya bar tabo a jikin fenti, ban kuwa taɓa gogewa ba. 'Yata ta yi aure ta koma unguwar Concourse Village, tana aikin jinya. Ni kaɗai na rage, ban kuma ga dalilin tashi ba. Shekara tara ina share matakalar ginin nan ba wanda ya sa ni.

Mai ginin ya ɓace. Hita, mai ɗumama ɗakuna, ta mutu. Aka shigo aka yanke bututan ruwa aka sayar. Maƙwabta suka riƙa tafiya, yau ka ji ana jan gado a matakala, gobe ka ji shiru. Sai wuta ta tashi a hawa na biyu wata Alhamis da la'asar. Ba ta iso wurina ba, amma 'yan kwana-kwana suka hawo suka fasa mini taga uku, ina zaginsu da Hausa suna ce mini madam.

Kafin magariba Yaya ya hawo da falankai a ka yana haki. Ya dubi ɗakin, ya dubi gilashin da ya watsu har cikin tukunyar miya.

"Auta, haɗa kayanki. Akwai ɗaki a wurinmu."

"Wa za a kora a ba ni?"

"Yaran za su kwana a falo."

"In zama tsohuwar da ake ɗaga ƙafa a tsallake? Allah Ya kiyaye."

"Ginin nan ya mutu."

"Ni ban mutu ba. Toshe taga ka zo yi ko wa'azi?"

Sai ya zuba ƙusa a baki. Daga ciki ya buga, duka ukun, ya gicciya sanduna, ya nuna mini yadda zan zare su in wuta ta zo. A ta gabas ya bar rata kamar faɗin faifai, ya rufe da leda mai kauri, don in riƙa ganin rana in san lokacin salla.

A bayan katakon nan na ci sanyin shekarar gaba ɗaya. Ba zan yi ƙarya in ce da daɗi ba. Da rana ma duhu, sai fitila. Risho nake kunnawa in zauna a gabansa da bargo biyu. Ruwa sai a famfon bakin titi. Kullum da safe kafin ya tafi aiki Yaya zai hawo mini da bokiti biyu, hawa huɗu, mutumin da ya ba sittin baya. Ya ajiye, ya jingina da ƙofa sai numfashinsa ya dawo, ya ce, "Sarauniyar kango, an tashi lafiya?" In ce, "Lafiya lau, mai ruwa. Gobe ka cika su, yau rabi ka zubar a hanya." Wani lokaci mu yi dariya. Wani lokaci ya ce, "Jiya na toshe ginin bayanku. Mutum biyu aka fitar a lulluɓe." In ce, "Kwanansu ne ya ƙare." Ya dube ni, ya sauka.

Hawa na huɗu ya rage ni kaɗai. Sannan ginin gaba ɗaya ya rage ni da wani dattijo a ƙasa, shi ma 'ya'yansa suka zo suka ɗauke shi. Na fara jin sawun mutanen da ban sani ba a matakala. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar da abin ya faru, 'yata ta zo da sassafe wai likitan ido yana son ganina. Ga ta nan ta sunkuyar da kai. Rubuta, ai da ke aka haɗa baki. Muka yini a layi, aka ɗiga mini magani, aka ce idona ƙalau, abin da na sani tun daga gida. Da muka dawo bayan azahar sai na ga akori-kurar Yaya a ƙofar gini, an ɗaure gadona a kai, da tukwanena, da akwatin maigidana, da turmin da na zo da shi daga Kano. Ban tsaya ba, na hau. Gwiwoyin da kullum sai na huta sau uku, ranar ban huta ba.

Yana tsaye a bakin ƙofata da guduma. Ƙofar ba a ganinta, sai sabon falanki fari daga sama har ƙasa. Na kai hannu na shafa. Kawunan ƙusa ne a ƙarƙashin yatsuna, an nutsar da su har sun shige cikin katako.

Na ce, "Daga waje, Yaya?"

Ya tofa sauran ƙusoshin a tafinsa. Ya ce, "Daga waje."

"Kai da bakinka ka ce ko mage ce a gida ba a yi mata haka."

"Ba kowa a ciki. Na duba."

"Ni fa?"

"Ke ga ki nan a waje da ranki. Haka nake son ganinki."

"Cire. In shiga in fito da ƙafata."

"In na cire ba za ki fito ba. Tun kina goye na san ki."

Gaskiya ne, da ba zan fito ba. Amma ba wannan ce maganar ba. Ban yi sallama da ɗakin ba. Ban tsaya a gaban bangon nan na ce wa maigidana na tafi ba. An fitar da ni da dabara kamar mai taɓin hankali, sannan ɗan'uwana, da hannun da ubanmu ya koya wa aiki, ya yi wa gidana bugun kango ina numfashi. Na ce masa, "Tun da ka binne ni, to, matacce ba ya magana." Na sauka. Ban je gidansa ba, gidan 'yata na tafi, a nan nake har yau, a ɗakin jikoki.

Bayan kwana goma sha biyu ginin ya kama da wuta. Daga ƙasa ta fara, ta bi matakala, aka ce kafin jiniya ta iso ta kai hawa na huɗu. Sai mutane suka fara zuwa. "Gwaggo, kin gani ko? Allah Ya yi wa Yayanki albarka." "Gwaggo, da yanzu wani labarin ake yi." Kowa da murmushinsa, kamar an kayar da ni a kokawa. Bari in gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba. Da ginin nan bai ƙone ba, da sati biyu ya ishe ni in huce. Ƙonewar ce ta taurarar da ni. Ya yi daidai, gari duka ya shaida, ba wanda ya rage da zai ce an yi mini wani abu. To, sai na riƙe abina ni kaɗai.

Shekara uku. In ya yi sallama ina amsawa, don wannan haƙƙin Allah ne, daga nan in ja bakina. Duk Salla sai ya zo, ya zauna a falon 'yata, ya sha ruwa, ya yi hira da jikoki, yana yi musu Hausa suna ba shi amsa da Turanci. In zai tafi ya ɗaga murya ya ce, "A gaida Auta," alhali ina zaune a kujerar da ke kallonsa. Ya ajiye cinyar rago ya fita. Naman kam ina ci, ba da rago nake faɗa ba. Matarsa ta zo ta durƙusa ta yi kuka. Liman ya zo da kansa ya gaya mini hukuncin mai gaba da ɗan'uwansa, na ce na ji, Allah gafarta malam. Abu ɗaya nake jira, ya buɗe baki ya ce, "Auta, na yi miki laifi." Ko da bai yi nadama ba, ya faɗa kawai. Shi kuma jininmu ɗaya, bai faɗa ba.

Ina ganinsa yana ƙanƙancewa daga Salla zuwa Salla. Tari ya kama shi, irin na wanda ya yi shekaru yana shaƙar toka da jiƙaƙƙen bango. Bai bar aiki ba sai da ya kasa ɗaga falanki. Ina jin tarin daga kujerata, ina kallon bango.

Ranar Litinin matarsa ta bugo waya ta ce, "Gwaggon yara, likita ya ce a kira 'yan'uwa." Na ce, "'Yan'uwa nawa gare shi?" Na dama kunun gyaɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗar kwalba, tun da ita ake samu a nan, na zuba a fulas, muka hau jirgin ƙasa.

Na same shi a asibiti an sa masa robar iska a hanci. Hannuwan nan a kan farin zane, duk tabo. Ya buɗe ido.

"Auta."

Bayan shekara uku, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ka rame."

"Ke kuma kin yi ƙiba. Ragona ne."

Na ba shi kunu cokali uku, ya kau da kai. Na gyara zama, na ce a raina yanzu zai faɗa, ai duk mai barin duniya yana neman gafara. Amsata ma tun a jirgi na shirya ta. Sai ya nuna tagar ɗakin da haɓa ya ce, "Dubi wannan aiki. Iska na shigowa ta ƙasa. Wanda ya sa ta bai auna ba."

Na ce, "Abin da za ka ce mini ke nan?"

Ya daɗe yana neman numfashi. Ya ce, "Kin san sau nawa na hau benen nan da safe ina tsoron abin da zan tarar?" Sannan ya ce, "Da za a mayar da ni ranar, zan sake bugawa. Daga waje."

Na ce, "Na sani."

"To."

"To."

Barci ya ɗauke shi. Na zauna har aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Na gyara masa bargo, na ce wa matarsa gobe zan dawo da farfesu. A raina na ce gobe zan faɗa, ya nema ko bai nema ba. Washegari ina yanka albasa waya ta yi ƙara.

Bayan an yi masa wanka an sa shi a likkafani, a wani ɗaki mai sanyi na gidan da ake shirya gawa, liman ya ce a kira iyalinsa su yi bankwana kafin a sa shi a akwati, tun da a nan ba a kai mutum a makara. Mu biyu muka shiga, ni da matarsa, liman yana bakin ƙofa. Yaya ya zama ɗan ƙarami a cikin farin yadin. Matarsa ta durƙusa ta faɗi abin da kowa ke faɗa: "Malam bai yi mini komai ba. Na yafe masa duniya da lahira." Liman ya juyo ya dube ni. Na san abin da yake so, in maimaita a wuce wurin.

Ban iya ba. Ban taɓa yi wa Yaya ƙarya yana da rai ba, ba zan fara a kan gawarsa ba. Na dafa ƙafarsa ta saman likkafani na ce, "Ya yi mini. Ya yi mini abin da ya fi komai yi mini ciwo a ƙasar nan, ya kuma sani. Shi ya sa nake tsaye a nan da raina. Na yafe masa. Allah Ya shaida, na yafe har zuciyata."

Liman ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya isa, Gwaggo."

Bai isa ba. Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Yaya, shekara ukun nan fa? Kai ka yafe mini?"

Matarsa ta kama hannuna tana kuka, ta ce, "Wallahi tun tuni ya..." Na ce, "Yi shiru, ba ke na tambaya ba." Na jira. Na tsaya a sunkuye ina jira, har maza suka shigo da akwatin, liman ya ce mu ba su wuri.

To, ga amsar masu tambaya. Tawa na bayar, an ji. Tasa ce ban samu ba, ni kuma na ɓata lokacin da zan same ta. Allah Ya jiƙan Yayana, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya hutar da ƙirjin nan da hannuwan nan. In kun ɗaga hannu za ku yi masa addu'a, ku haɗa da ni. Shi an yafe masa, ni ce ke jira.